Ƙullin Mai Wanki

A shekarar da gadar kasuwa ta karye Malama ta san Mai Wanki. Sabuwar malama ce a lokacin, tana cikin watannin gwaji, zazzaɓi ya kayar da ita a ɗakin haya, ta ɓoye don kada a sallame ta. Maƙwabciyarta Mai Wanki ce ta lura labulen ƙofar ya daina motsi. Ta shigo, ta ɗebo ruwa, ta wanke mata kayan aiki ta goge, kullum da safe ta tayar da ita ta raka ta bakin titi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Daga baya Malama ta bar unguwar, zumunci ya koma gaisuwar hanya.

Duk wanda ya san Malama a ajin ƙananan yara, da jakunkunanta yake tuna ta. Da ragowar yadi ta ɗinka su. A kowace akwai murafun kwalba na koyon ƙirga, da katunan haruffa, da zare da maɓallai, da ɗan littafin hotuna. Ƙarshen mako yaro ya tafi da tasa gida, ya zauna da uwa ko uba su yi aikin tare. Sharaɗinta ɗaya ne: babban da ya zauna da yaron, shi zai ɗaure bakin jakar da hannunsa. Da haka ta san ƙullin kowane gida. Na mahauci sai an sa haƙori. Na tela kamar fure. Na Mai Wanki kuwa, wadda autarta ta shigo ajin bayan rasuwar mijinta, ninki biyu ne irin na igiyar shanya, a ja gefe ɗaya ya warware.

Wata safiya jakar Auta ta dawo da ƙulli sako-sako, irin na ƙananan yatsu.

"Auta, wa ya ɗaure miki?"

"Inna ta ce in an tambaya, in ce tana shanya."

Mako ya zagayo, ƙullin bai canza ba. A bayan wani katin harafi Malama ta ga ɗigon jini busasshe.

Da aka tashi makaranta ta bi yarinyar gida. Igiyar shanyar da ake hangowa ta saman katanga fayau take. A bakin shagon da ke kallon gidan, gwaggon Auta, yayar marigayin, tana zaune ta ƙura wa igiyar ido.

"Malama, ke ma kin gani ko? Tun ranar da muka binne ƙanena na faɗa: ranar da ta kasa, zan ɗauke 'yarmu."

A tsakar gida bahon wanki a kife yake. A ɗaki, kayan mutane sun yi tsibi har taga. Mai Wanki tana kwance, ta zama kamar tsinke.

"Uwar jaka! Kin zo duba aikin gida? Ba ni sifilina in huta." Dariyar ta koma tari, ta toshe baki da tsumma.

"Yaya, tun yaushe?"

"Rage murya. Waccan gwaggon tata, igiyata take karantawa kamar jarida. In ta tafi da Auta, don wa zan tashi?"

Ta ƙofar baya Malama ta kai ta asibiti. Likita ya ba da magani na watanni, ya ƙi yin alkawari. Washegari da sassafe sai ga igiya cike da riguna suna ɗiga. Gwaggo ta daɗe tana kallon su, ta ja tsaki ta tafi. Gobe ta dawo, jibi ma haka. Igiyar ba ta ƙara kwana fayau ba, tarin ma bai daina ba.

Ƙarshen mako Malama takan zauna bakin gadon, Auta tana jera murafu a kan zanin uwarta tana ƙirgawa. In sun gama, sai ta riƙe yatsun Mai Wanki cikin nata, su ɗaure jakar ninki biyu.

A ɗakin malamai aka tambaye ta abin da ya tsattsaga mata hannu haka.

Ta ce alli ne.