Fuskar Yayata a Takardar Ƙosai

Malaminmu na allo a Soron Ɗinki ya hore mu cewa takarda mai rubutu ba ta kwana a ƙasa. In ka tsince ta, ka soka ta a tsagar bango ko ka ƙona, don ba ka san sunan wa ke ciki ba. Har na yi furfura ban daina ba.

Wata safiya ina dawowa daga Ƙofar Ɗan Agundi, na sayi ƙosai wajen matar da na saba. Sai da na zauna a zaure na warware ƙunshin, na ga fuska ta ɓullo ta cikin mai. Yayata ce. Kwafin takardarta ce ta shaidar ɗan ƙasa: ga sunanta da na mahaifinmu, ga lambarta, ga adireshin gidanta a Koki, yaji ya rufe mata ido ɗaya. Na ture ƙosan gefe.

Na san inda ta kai kwafin, don ni na raka ta. Bayan ta fita takaba, wata ƙungiya mai raba wa iyayen marayu hatsi ta ce sai an kawo kwafi. Yanzu kuwa duk ɓatagarin da ya tsinci lambar zai iya neman yankar layin waya da sunanta ya yi ta'asa, a zo a buga ƙofar tsohuwa.

Na koma wajen mai ƙosai.

"Hajiya, ina kika samo takardun nan?"

"A kilo ake sayar mana, Malam. Sun fi jarida shan mai. Ko gishiri ne bai ji ba?"

Ta ɗaga kwali ta nuna mini ragowar. Fuskokin mata ne jibge, wasu na san mazajensu, da ni aka yi musu sallar jana'iza.

A ofishin ƙungiyar na tarar da sakatare, matashi mai ƙamshin turare. A bayansa an rataye sanarwa cikin gilashi, wai suna kiyaye bayanan jama'a kamar yadda doka ta ce.

"Baba, ai mun zuba su a kwamfuta," in ji shi. "Takardun sun cika mana ɗaki."

"To ku ƙona mana."

"Haba Baba, ƙonawa ai almubazzaranci ne, ga masu buƙata!"

Na tambaye shi ko akwai ta mahaifiyarsa a ciki. Ya sunkuya yana latsa waya.

Mai ƙosai ta fi shi kunya. Na kai mata tsofaffin jaridu, ta miƙo mini damin tana istigfari. Na ƙona su a tsakar gida, na binne tokar kamar yadda aka koya mana. Amma yayata kwafi biyu ta bayar, ɗaya kawai na samu.

Da azumi ya matso, ƙungiyar ta aiko a sake kawo sabon kwafi don rabon gero. Na kai wa yaya saƙon, na kuwa san buhun hatsinta ya kusa ƙarewa. Ta gama jan carbinta tukuna.

"Ka ce musu na ƙoshi," ta ce.