Dabino Mai Ɗaci

Sau ɗaya na taɓa yin fasa-ƙwauri a rayuwata, kuma ba shinkafa na shigo da ita ba, don mu mutanen Kura shinkafa ba ta burge mu. Magani na riƙa shigarwa gidan yari a cikin dabino. Da ana ba da kyauta ga wanda ya fi kowa wauta a wannan sana'a, da tuni tawa tana rataye a zaure.

Wanda na yi wa aikin taubashina ne, ɗan gwaggona. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma yana kirana bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Gonakinmu na noman rani suna jere a hanyar Bunkure, magudana ɗaya ke ba mu ruwa. Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, shekara ba ta zagayo ba shi ma ya fara zubewa, wando ya rasa ƙugun da zai kama. Ni na goya shi a babur zuwa asibiti cikin birni, ni ne kuma a bakin ƙofa lokacin da ya fito da takardar gwaji a hannu. Ƙwayar cutar ƙanjamau ce, wadda a garinmu ba a ambatarta sai an rage murya. Kafin mu hau babur ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har gwaggo.

Allah ya taimake shi, a shekarun nan ne aka fara ba da maganin kyauta. Duk wata sai mu shiga birni mu karɓo, mu ce wa mutane irin tumatir muka je dubawa. An yi ta mamakin manoman nan biyu da ke neman irin tumatir har tsakiyar damina. Likita ya ja masa kunne sosai: ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kada ya kuskura ya tsallake, don in ana sha ana bari cutar za ta saba da maganin, ya daina yi masa aiki. Ya kiyaye, ya murmure, ya yi kumatu, har ya samu ƙarfin faɗa. Ƙarfin nan shi ya ja mana.

Ranar da ruwa ya kamata ya sauko gonarsa, wani maƙwabci da ke sama da mu ya toshe magudana da buhun ƙasa, ya juya ruwan cikin albasarsa. Taubashina ya tafi da niyyar magana, amma ya tafi da tiyon ban ruwa a hannu. Da maganar ta ƙare, tiyo ya ɗora daga inda ta tsaya, mutumin ya tashi da giɓin haƙori ɗaya. Daga wajen 'yan sanda sai kotu, alƙali ya ce a ajiye shi a gidan yari sai zama na gaba. Ana tura shi cikin mota ya matso kusa da kunnena.

"Bawa, kayana suna bayan buhun taki. Ka tuna rantsuwarka."

Ya bar ni da aiki biyu masu karo da juna: magani ya kai gare shi kullum, kuma kada wani mahaluki ya sani. Na zauna na yi ta lissafin abinci. Fura za ta narkar da ƙwayar, tuwo ya dafa ta, ƙuli-ƙuli ba shi da ciki. Sai dabino ya faɗo mini a rai. Na sayo mudu guda, na kulle ɗaki, na ɗauki reza. In tsaga, in cire ƙwallon, in cusa ƙwaya, in matse bakin. Masu ciki na zuba su ƙasan leda, lafiyayyu na rufe da su a sama. Da na gama na dubi aikina na ji ashe gona ɓata basirata take yi.

A ƙofar gidan yari akwai ƙa'ida: duk wanda ya kawo wa ɗaurarre abinci, shi zai fara ɗanɗanawa a gaban gandiroba, don kada a shigar da guba. Mai duba kayan wani dattijo ne mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci, ba ya gaggawa da komai. Zuwana na farko ya ɗauki dabino daga sama ya miƙo mini, na cinye har da lashe baki. Na biyu haka, na uku haka. Ina komawa gida a kan babur ina yi wa kaina kirari, ina tausaya wa gwamnatin da ta ɗauki wannan tsoho aikin gadi.

Sai tumatir ya nuna gaba ɗaya, kamar an yi masa shela. Wanda ya san tumatir ya san ba ya jiran kowa. Ina tsinkar nawa, ina tsinkar nasa, motoci na jira a bakin titi, ranar ziyara ta wuce ni. Da na je bayan kwana biyu raina ba daɗi, don na san dabinonsa ya ƙare.

Ranar dattijon bai ɗauka daga sama ba. Ya girgiza ledar, ya zura hannu har wuyan hannu, ya lalubo ɗaya daga can ƙasa.

"Bisimilla."

Na karɓa na jefa a baki na tauna. Jama'a, na sha maɗaci, na sha sabara da zazzaɓi ya kama ni, amma ban taɓa haɗuwa da irin wannan ba. Ɗacin ya bi ta hanci ya fito ta ido. Na ci gaba da taunawa ina murmushi.

"Yaya, da zaƙi?" in ji shi.

"Zuma ke nan, yallaɓai."

"Ga hawaye kuwa."

"Tausayin ɗan'uwana ne."

"Allah sarki. To tunda zuma ne, bari in ɗebar wa jikata, tana son dabino."

Ya sake zura hannu can ƙasa ya cika tafinsa, ya nufi aljihu. Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Ni, baƙauye, a ƙofar gidan yari, riƙe da hannun mai kaki. Na ce masa don Allah kada ya ba yarinya, akwai magani a ciki, maganin basir ne.

"Basir," ya ce, yana dubana ta saman tabarau. "Safe da yamma."

Ya bar wa wani ƙofar, ya ce in biyo shi. Ina tafe ina tunanin wa zai tsinke tumatirin mutum biyu. Sai ya kai ni wani ɗan ɗaki mai warin asibiti, ya turo ƙofa. A nan ya gaya mini tun ranar farko ya ga tsagar reza, ko makaho ya shafa zai ji ta. Ya san ƙwayar, ya ƙyale ni ne ko zan yi hankali da kaina. Da ya ga na fara fashin zuwa, sai ya ga abin ya wuce wasa. Jika kuwa, ya ce, ba shi da ko ɗaya a garin.

Malamar asibitin gidan wata gajeruwar mace ce, amma faɗanta ya fi ta tsawo. Ta ɓare dabinon ɗaya bayan ɗaya tana jera ƙwayoyin a kan tebur tana wanke ni.

"Malam, alƙali ƙafarsa ya tsare, bai tsare maganinsa ba. Ko wanda aka yanke wa hukunci yana da haƙƙin a kula da lafiyarsa, balle mai jiran shari'a. Katin asibitinsa kawai za ka kawo, da kwalbar yadda take. Duk wannan ɗinkin dabino na mene ne?"

Na ce asirinsa nake rufewa. Ta ce asirin majiyyaci aikinta ne tun kafin ya zama nawa, kuma ba za ta rubuta sunansa ba sai da yardarsa. Ta aika aka zo da shi.

Yana shigowa ya ga dabino a ɓare, ya ga ƙwayoyi, ya gan ni. Tunda muke bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

"Ka rantse," ya ce.

"Na rantse ba zan faɗa ba, ban kuwa faɗa ba. Dabino ne ya faɗa."

Bai yi dariya ba. Malamar ta tambaye shi kwana nawa ya tsallake. Ya ce huɗu. Na ce biyu dai. Ya ce huɗu, ba tare da ya dube ni ba: biyu ban zo ba, biyu kuma 'yan ɗakinsu sun sa masa ido, suna kiransa marowaci mai cin dabino shi kaɗai, ya kasa samun inda zai ɓare. A nan duk kirarin da na yi wa kaina ya zube. Ashe dabarata kashe shi take yi a hankali, ni ina kan babur ina waƙa.

"Wa zai ga takardar?" ya tambaye ta.

"Ni da likita."

"Innata fa?"

"Sai in kai ka gaya mata."

Ya dubi ƙwayoyin da ke jere a kan tebur, sannan ya ce a rubuta.

Ziyara biyu ya ƙi fitowa ya gan ni. A ta uku ya fito, ya karɓi tuwon da gwaggo ta aiko, ya ba ni labari a gajarce, kamar mai magana da bango. Wai kullum da safe akwai 'yan layi a ƙofar malamar, kowa ka tambaya sai ya ce olsa ke damunsa, shi ma yanzu olsa gare shi, har da mutum biyu daga cikin masu kiransa marowaci. Malamar ce kuma ta haɗa shi da wata lauya daga cikin masu zuwa duba 'yan jiran shari'a kyauta, ta nema masa beli. Daga baya dattawa suka sasanta shi da mai haƙori.

Ranar da ya fito na goya shi, kwalbarsa a aljihun gaba, katinsa a hula. Muka baro birni, muka wuce Kumbotso. Sai da gonakin shinkafa suka fara bayyana na ji muryarsa a bayan kunnena.

"Da ɗaci ko?"

Na ce ɗaci ai ba a magana.

"Haɗiyewa ake yi, bawa. Ba a taunawa."

Na yi dariya har babur ya yi tangaɗi, idona ya cika da ruwa, wannan karon ba ƙwaya a bakina. Da muka iso mararrabar da ke zuwa gona na fara karya kan babur, sai ya dafa kafaɗata.

"Miƙe. Kai ni wajen Inna. Na gaji da neman irin tumatir da damina."