Gefen Mudi

Cindo mijin yayata Hanatu ne, kuma tun ranar da aka ɗaura musu aure ban daina tsokanarsa ba har ya bar duniya. Da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu, sunan ke nan ya bi shi. Nakan ce masa Allah ya ƙara masa yatsa ya rage masa baki, don mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke Atika, naki bakin ya ishi gidan nan."

Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Gadarif, can gabas a hanyar alhazai, ya zauna noma kafin ya samu na gaba, a nan ƙasa ta rufe shi. Cindo bai gaji gona mai yawa ba. Abin da ya gada shi ne tsagar ƙaro a kurmin ɗakwara da ke bayan ƙauyenmu, kan hanyar Gallabat. In ruwa ya ɗauke, ganye ya fara zuba, sai ya bi itatuwan da ɗan gatarinsa yana ɓare musu bawo, bayan makonni ya dawo ya tsinci ƙaron da ya daskare. Da shi ya ci, da shi ya aurar da 'ya'yansa, har masu tsagar ƙaro suka sa shi gaba.

Kurmin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Manoma na son shi don yana tare iskar da ke kwantar da dawa. Makiyaya in sun gangaro daga arewa da rani, a inuwarsa shanunsu ke kwana, su ci ganye, su bar taki a gonaki. Abin tsoron kowa guda ne, wuta. Ciyawar ƙasarmu takan fi mutum tsawo, in ta bushe ko guntun taba ya ishe ta.

Saboda haka kowace kaka ana fita gayya, wadda muke ce wa nafir, a share fili mai faɗi kewaye da kurmin, yadda wuta in ta zo ba za ta samu abin takawa ba. Gabas na masu ƙaro, kudu da yamma na manoma, arewa na makiyaya. Kuma akwai ƙa'ida tun ta kakanni: ba a share wa wani gefensa sai ya ce da bakinsa a gaban mutane. Shara ita ce shaidar rabo. In ka share gefen mutum ba da izininsa ba, ka gaya masa ke nan ba shi da sauran haƙƙi a kurmi.

Shugaban makiyayan wani Bafulatani ne, Mudi, dogo, shi ma ba magana. Duk shekara yakan zo wa Hanatu da man shanu, su zauna da Cindo suna shan gahawa kamar kurame biyu, su tashi kowa ya ce hira ta yi daɗi. Ni dai abin dariya yake ba ni.

Sai manyan gonakin tarakta suka yi ta matsowa, shekara kan shekara, har muna jin kukansu daga tsakar gida. A shekarar da nake magana riɗi ya yi kyau a Fashaga, riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanka ba sai ya fashe ya zube. Duk mai ƙarfi a ƙauye ya hau mota ya tafi ƙwadago. Ɗahiru, babban manoma, kafin ya hau ya ce a ƙofar masallaci, "Cindo, gefenmu amana a hannunka." Sannan ya ƙara da cewa, "Na arewa ma ka share kawai, ya zol, mutumina. Halas, shi ke nan, mu huta da shanun nan." Wasu suka yi dariya, Cindo bai yi ba.

Shi da Hanatu suka share gabas, suka share kudu, suka share yamma, har tafin hannun yayata ya tsattsage. Arewa ta rage, ciyawa tsaye, ta bushe ƙayau. Mudi bai zo ba, babu kuma labarinsa.

Na sami Cindo da yamma yana wasa fartanya, raina a ɓace. Na ce, "Mijin yaya, kai wane irin mutum ne? Iska ta juyo daga arewa, kana gani. Ka share, in ya zo ka ba shi haƙuri, ka ce masa ma'alesh."

Ya ce, "In na share, Ɗahiru ya samu abin da yake nema. Baɗi in Mudi ya zo za a ce masa, ina gefenka?"

"To in wuta ta riga shi zuwa fa?"

"Yana hanya. Bai taɓa fashi ba."

Hanatu ta roƙe shi, har ta yi kuka. Kullum da safe yakan je gefen arewa ya tsaya yana duban hanya, fartanya a kafaɗa, ya dawo bai sari ko tsinke ba. Na zage shi a raina, na ce taurin kai ne. Har yau in na tuna ina jin haushinsa, kuma ina jin tausayinsa fiye da haushin.

Da tsakar rana wutar ta zo, ba wanda ya san mafarinta. Mata da tsofaffi kaɗai ke gari. Muka fita da rassan ganye muna duka, banza. Ta shiga ta arewa kamar an buɗe mata ƙofa. Ƙaron da ke jikin itatuwa ya narke yana gangarowa, ƙaurinsa ya cika gari. Da ƙyar aka janye Cindo, rigarsa ta ci wuta, hannun nan mai yatsa shida ya ƙone. Bai sake riƙe gatari da shi ba. Wurin da babu itace kuwa ba mai tsare shi, damina biyu ba ta cika ba tarakta ta bi ta kai, Cindo ya ƙare kwanakinsa yana gadin dawar wani a inda kurmin yake.

Amma kafin wannan, toka ba ta gama kwanciya ba Mudi ya iso. Ina wurin, na kawo wa Cindo abinci, don kullum a bakin ƙonannen kurmin yake wuni. Shanun Mudi sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ashe burtalin da suke bi tun zamanin ubansa an nome shi an shuka dawa, an sa masu gadi, sai da ya yi dogon zagaye ta inda babu ruwa, ya bar shanu da yawa a hanya. Fartanyarsa na rataye a kafaɗa.

Ya dubi baƙaƙen kututturai ya daɗe. Sannan ya dubi hannun Cindo da ke naɗe da tsumma. Ya ce, "Ya ahuya, ɗan'uwana, don me ba ka share ba?"

Cindo ya ce, "Gefenka ne."

Mudi ya juya. Ya sauke fartanya, ya taka zuwa arewa, ya duƙa ya fara sharar toka, daga kusurwar da ya saba farawa kowace shekara. Babu abin da ya rage da za a tsare, duk mun sani. Ina kuka na miƙe zan kama masa, Cindo ya riƙe mini zane da hannunsa mai lafiya.

Ya ce, "Zauna, Atika. Bai ce a taya shi ba."