Jan Gwadan Katangar Gwaggo

Haihuwata ta fari ba ta zo da rai ba. Daga asibitin Funtuwa, Gwaggo, yayar mahaifina da ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta wuce da ni gidanta a Dayi. Ta ce ko babu jinjiri sai na yi wankan jego, domin jiki bai san an rasa ba.

Kullum da safe ta tafasa ruwa ta yi mini wanka da ganyen darbejiya, ta dama mini kunun kanwa. Sai in fito tabarma in fuskanci katanga. Mata na shigowa yi mini jaje, ina amsawa. Na nemi kuka ban samu ba.

A katangar akwai wani jan gwada. Da sassafe yakan fito daga tsagar bango duhu-duhu, kalar ƙasa. Sai rana ta dake shi kansa ya yi ja kamar manja, jikinsa ya koma shuɗi mai duhu. Yana da 'yan ƙayoyi a bayan kunne, wutsiyarsa kaushi kamar zarto. Matansa ƙanana ne, ruwan toka da ɗigo-ɗigo. Na girma cikin ƙadangaru, amma ban taɓa kallon ɗaya haka ba.

Wata rana Kawu, ƙanen mahaifiyata mai tuƙa motar hatsi, ya shigo duba ni. Sai ya bi inda idona yake da kallo.

"Ɗiyata, ai waɗannan ba inda babu su," ya ce. "Na gan su a Legas, na gan su a Maraɗi. In dai akwai bango da rana. Na kan duwatsun daji ne kawai ba su kai na gari ƙiba ba."

Na ce, "To, Kawu."

Gwaggo ta ce, "Yau ta yi magana ba a tambaye ta ba."

Ni ban lura ba.

Da wankan ya ƙare mijina ya zo muka hau bas zuwa Funtuwa. Na tarar maƙwabciyata ta kwashe kayan jariran da na tara, ba ta bar ko safa ba. Ban tambaye ta inda ta kai su ba. Na share ɗakin, na ɗora tukunya, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, na ce gobe zan rage.