Baƙin Mai a Jikin Karena

Da damina ƙurajen suka fito wa karena. A ciki suka fara, jajaye, sai suka yi ruwa, gashi ya riƙa zubewa. Karen nan shi ke gadin awakina, tun yana ɗan kwikwiyo nake ba shi ɗumame. Ganinsa yana susa har jini ya hana ni sukuni.

Wan mijina bakaniken moto ne, mai gyaran babura a Urafane, kuma tun da ya iya kwance inji ya ɗauka babu abin da ya fi ƙarfinsa, har haihuwar saniya yana da ta cewa. Ya leƙo gidanmu, ya dubi karen daga nesa, hanci a toshe.

"Wanga ai baƙin mai za a shahwa mishi. Ƙazwa ta."

"Yaya, bari in tambayi likitan dabbobi ran kasuwa."

"Likita? Don kare? Ke dai karatun lekol ya ɓata ki."

Mijina yana zaune yana gyaran hauya. In yayansa na magana, kunne kaɗai gare shi.

Ran kasuwa na sami likitan, na kwatanta masa. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatar, ya ba ni magani da sabulun wanka, ya ja mini kunne kada a shafa masa komai. Na taho da murnata.

A bakin garka, ƙofar gidanmu, na tarar da karen ɗaure, baƙi wuluk kamar gindin tukunya, yana lasar jikinsa. Yaya ya riga ni. Ya juye masa man da ya tsiyayo daga injin moto, mijina kuwa shi ya riƙe igiya. Na wanke, na sake wankewa, ina zagi a ciki tunda ba dama in yi a fili. Karen ya riga ya lashi man da yawa. Ya yi ta amai, ya bar cin abinci, ko ƙwayar da na tura masa ba ta zauna ba. Wata safiya na same shi a sandare kusa da turken awaki. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Yaya ya zo da hantsi. Ya sa sanda ya juya gawar, ya duƙa ya duba cikin da kyau, sannan ya ɗago yana kallon ƙanensa.

"Ka gani ko? Ƙurajen duk sun bushe."