Hayaƙin da ke ƙasan dutse

Har gobe ban manta ranar da aka fara sa ni yi wa baƙi bayanin zane ba. Farkon shekarun 1980 ne, ina karatu a Greensboro ta Amurka, ina ɗan aiki a gidan adana zane-zane na jami'a. Muƙamina mataimaki na ƙarshe, daga ni sai tsintsiya. Aikina in sa farar safar hannu in jera tsofaffin zane-zanen Turawa, irin waɗanda ake karce farantin tagulla, a shafa masa tawada, a danna a takarda. A ɗakin ƙasa nake wuni, har akwatunan sun san muryata.

Ranar mai yin bayanin ba ta da lafiya, ga ayarin matan unguwar masu kuɗi ta Irving Park sun iso, turarensu kaɗai ya isa ya kayar da raƙumi. Shugabarmu, wata dattijuwa, Misis Holt, ta ce in gwada. In na iya na hau sama ke nan, in na kasa in koma wa akwatunana.

Da ma ta koya mini fassarar zanen da za a nuna musu, aikin wani Bajamushe: mutum shi kaɗai bisa dutse ya ba mu baya yana kallon teku, wato 'yancin rai; rusasshen coci, wato zamanin da ya shuɗe; busasshiyar bishiya, wato mutuwa. Na haddace tsaf.

Ina tsayawa gaban zanen, hadda ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai na ji bakina yana cewa a garinmu ba mai hawa dutse shi kaɗai don daɗi. Ko dai an daina amsa gaisuwarsa, ko ya yi nisa da masu amsawa. Na nuna musu ɗan hayaƙin da ke tashi daga gidajen ƙasan dutsen, na ce ana girki, amma ba wanda ya aika a kira shi.

Wata ta tambaya a wane littafi na karanta haka. Na ce a ɗakina na High Point Road, aka yi dariya.

Da suka tafi, Misis Holt ta daɗe gaban zanen. Ta ce shekara ashirin tana tare da shi, ba ta taɓa lura da hayaƙin ba. Sannan ta juyo.

"Sani, yaushe rabonka da cin abinci tare da wani?"

Na ce wata bakwai.

Ban koma ɗakin ƙasa ba. To ku da kuke fara aikin yi wa baƙi bayanin zane, littafi zai gaya muku nufin mai zane. Amma in baƙo ya tsaya kan wani ɗan abu a gefen takarda, kada ku yi saurin gyara masa. Sau da yawa abin da ya rasa ne yake nuna muku.