Faifan da Tsuya Ta Ɓoye

A shekarun da nake magana a kansu, unguwarmu tana matse ne tsakanin layin dogo da katangar masana'antar ƙarfe, a kudancin Amagasaki. Gidajen katako ne manne da juna, masu rufin yumɓu mai nauyi, lungunan kuma ba sa ɗaukar keke biyu a jere. Da hantsi hayaƙin gidan wankan jama'a yakan haɗu da na masana'anta ya sauka a kan shanya. A bakin babbar hanyar da ta nufi Kobe akwai wani dogon gini mai zagayayyun tagogi da ake ajiye tayoyin mota a ciki. Tsofaffi ne kaɗai suka san cewa kafin yaƙi gidan rawa ne.

A lungu na uku daga wannan gini shagon awarar Kashiwagi Noboru yake. Shi da matarsa Matsue suke aikin, mahaifiyarsa Tsuya kuma tana ɗakin baya. Na san shi tun ina sayen awara a hannunsa, amma ban san labarinsa ba sai da na fara tattara tarihin gidajen rawar garinmu. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakinsa da bakin Matsue, kuma inda na kasa tabbatarwa zan ce na kasa.

Mahaifinsa, Eizo, mai busa ƙahon tagulla ne a ƙungiyar makaɗan jaz ta wancan gidan rawa. A shekarar 1937 ƙungiyar ta ɗauki wasu faya-fayan garmaho a wani ƙaramin kamfani a Osaka, kuma a guda ɗaya tak daga cikinsu Eizo ya yi busa, don masu ƙaho a ƙungiyar sun sha canzawa. Noboru yana da shekara huɗu aka ɗauki mahaifinsa soja. Abin da ya dawo gida farin akwati ne, wanda Tsuya ta buɗe ta tarar da ɗan katako mai ɗauke da sunansa, ba ƙashi ba toka. Takardar gwamnati ta ce ranar sha bakwai ga wata ya mutu. Noboru bai riƙe fuskarsa ba, bai riƙe muryarsa ba. A duniyar nan babu inda numfashin Eizo ya saura sai cikin wannan faifan.

A 1943 aka haramta kiɗan abokan gaba, shugaban unguwa ya riƙa bin gida gida yana karɓar faya-fayan jaz. Tsuya ta dama talgen shinkafa, ta jiƙa takardun tsakiya na faya-fayan waƙoƙin yara ta ɓamɓare su, ta liƙa a kan na mijinta. A kan wanda Eizo ya yi busa, ta ja layi uku da allurar ɗinki kusa da hudar tsakiya. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ta so. Bayan yaƙi, lokacin yunwa, tana kwance ba lafiya, ƙanin mijinta ya duba akwatin faya-fayan, ya ga waƙoƙin yara ne kawai, ya kai shi ƙauye ya musanya da shinkafa da dankali. Shinkafar ce ta raya su a wannan hunturun, shi ya sa Tsuya ba ta taɓa ce masa uffan ba.

Noboru ya fara nema yana ɗan shekara ashirin. Irin faya-fayan nan da ƙaro ake yin su, suna da nauyi, kuma suna fashewa kamar tangaran. Duk ranar hutu yakan bi kasuwannin tsofaffin kaya, ya tsuguna gaban tulin waƙoƙin yara, yana shafa gefen takardar tsakiya da babban yatsa. In ya ji kauri biyu, ya saya. Ashe ba Tsuya kaɗai ta yi wannan dabara ba. Cikin kusan shekara arba'in ya tara faya-fayan jaz da na rawa sama da ɗari biyu, duk a ɓoye ƙarƙashin hoton zomo ko na farin wata. Yakan ɗora musu ƙyallen tace awara mai danshi na yini guda har talgen ya saki, sannan ya ajiye su a tsaye cikin akwatunan katako a ƙasa, da jarida tsakanin kowanne biyu. Ba ya sa musu allurar ƙarfe, don tana cin faifai. Ta gora yake fiƙewa da hannunsa.

Sau biyu ya samo faifan ƙungiyar mahaifinsa. Takardar ba ta jera sunayen makaɗa, saboda haka kunnen Tsuya ne alƙali. Sau biyun ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ba shi ba ne. Wannan kamar mai hura wuta yake busa."

Zuwa hunturun 1994 Tsuya ta kai tamanin da uku. Da safe hankalinta garau yake, amma da la'asar takan tambayi Matsue ko 'yar gidan waye ce. Likita ya ce zuciyarta ta gaji. Daga nan Noboru ya rame. Yakan bar madarar waken suya a wuta ya leƙa ɗakin baya ya ga ko bargon yana motsi. Ya ce mini, "Malam, in ta tafi, ko faifan ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa da kansa, wa zai ce mini shi ne?"

Ranar Lahadi, sha biyar ga Janairun 1995, Inagaki, wani tsohon dillalin faya-fayai a Osaka, ya bugo waya.

"Mai awara, kana nan kana shan waƙar yara? Zo ka ga wani zomo mai riga biyu."

"Tsoho, ka sha kira na kan zomaye. Wancan karon wa'azi na tarar a ciki."

"Wannan yana da zane kusa da huda. Biyu na gani sarai. Na ukun, ko zane ne ko idona ne ya tsufa. In ba ka so, in ba jikata ta yi farantin kyanwa da shi."

Noboru ya bar shago a hannun Matsue ya hau jirgin ƙasa. Ya dawo da faifan naɗe cikin tawul, rungume a ƙirji, bai yarda ya zauna a jirgi ba don kada wani ya jingina da shi. Bai saurara a shagon Inagaki ba. Ya ce kunnen farko na uwarsa ne.

Matsue ta tare shi a ƙofa. "Gobe da safe, tana shan shayi, ka sa mata."

"Ba gobe ba. Jibi sha bakwai, ranar Baba. Sai ya kwana a gabansa tukuna."

A gidajenmu, abu mai daraja in ya shigo, ko nunan fari ne ko takardar shaidar makaranta, kantar magabata ake fara kai shi, gaban hoton mamaci, kafin masu rai su taɓa. Kantar gidan Kashiwagi tana bisa wani dogon kabad, don ba a ajiye magabata inda ƙafa ke wucewa.

"Baban Akemi," in ji Matsue, haka take kiran sa da sunan 'yarsu, "Baba ya jira shekara hamsin, ba ya gaggawa. Inna ce ba ta da kwanan bayarwa aro."

"Ke dai ba ki san tsari ba."

"Ni ce ban san tsari ba? Wa ke canza masa ruwa kullum tun da aka kawo ni gidan nan? Kai ko turaren ba ka san inda nake ajiyewa ba. Kuma kai da bakinka ka ce faifai ba ya hawa sama. Zomayenka ɗari biyu duk a ƙasa suke kwana."

"Waɗannan baƙi ne. Wannan kuwa, in shi ne, maigidan ne. In sa ubana a ƙasa?"

Ya hau kujera ya jingina faifan a tsaye kusa da hoton, ya kunna turare. Ranar Litinin ya yi ta kai da komo tsakanin tukunya da ɗakin baya. Tsuya ta tashi da ƙarfinta a ranar, ta ci shinkafa, har ta yi wa Matsue tsiya kan gishirin miya. Matsue ta dubi mijinta ta nuna kabad da haɓa. Ya kau da kai. Daga baya ya faɗa mini gaskiyar abin: girmama uba yana ciki, amma tsoro ya fi yawa. Muddin ba a sa faifan ba, mahaifinsa ne. Yana gudun jin "ba shi ba ne" karo na uku.

Ranar Talata, shida saura kwata na safe, yana tsaye kan tukunya, ƙasa ta girgiza. Kowa a unguwarmu yana da labarin wannan safiya, ba zan maimaita ba. Tukunyar ta kife ta ƙona masa ƙafa. Ya rarrafa ɗakin baya ya tarar Matsue ta kwanta a kan surukarta ta rufe ta da jikinta, ƙasar bango tana zubo musu. Duk ukun sun tsira. Akwatunan da ke ƙasa ko faifai ɗaya bai tsage a cikinsu ba. Kabad ɗin kuwa ya faɗi ruf da ciki.

Da gari ya waye ya ɗaga shi. Faifan ya ɓalle daga baki: manyan gutsure biyu, da wani gurbi kamar faɗin babban yatsa wanda bai ga abin da ya fita daga cikinsa ba. Tsakiyar ce kaɗai ta tsira, daidai kiɗan minti ɗaya na ƙarshe.

Matsue ta daɗe tana kallon sa yana tankaɗe ƙasar bango da rariyar waken suya. Sannan ta ce, "Ban ce komai ba."

"Na ji abin da ba ki ce ba."

"To tashi ka ɗaure ƙafar nan. In ta ruɓe, ba ni da kantar da zan ɗora ka."

Kwana uku suka yi a zauren makarantar firamare tare da sauran jama'a, kuma a kwanakin nan Tsuya ba ta gane kowa ba, safe ko yamma. Noboru yana zaune a gefenta yana kallon numfashinta. A rana ta huɗu suka mai da ita gida. Washegari da safe ta buɗe ido ta ce, "Noboru, wa ya zubar da gidan nan haka?"

Noboru ya ɗauko abin da ya saura na faifan. Ya jawo garmahonsa ya ɗora shi, ya fiƙe allurar gora, ya murɗa hannun garmahon, ya sauke allurar a hankali bayan inda ya karye. Kiɗan ya taso gaba ɗaya, ganga da fiyano da ƙahoni a cakuɗe, suna tseren zuwa ƙarshe. Yatsun Tsuya suka fara bugun bargo. Kafin a ankara ya ƙare.

"Inna, shi ne?"

"Mai da shi farko."

"Farkon ya karye, Inna."

Ta dube shi kamar yadda take duban sa yana yaro in ya fasa kwano. "Kai dai hannunka ba ya riƙe abu. Kiɗan shi ne. Amma a nan duk sun danne shi, wa zai ji shi cikin wannan hayaniya? A farko yake miƙewa shi kaɗai, kafin kowa ya shigo. Fitila a kansa, takalminsa fari." Sai ta rera wani ɗan sauti da hanci, gajere, ya hau sannan ya sauko. Matsue ta ce sau biyu ta yi shi. Da la'asar Tsuya ta tambayi Noboru ko shi ne mai gyaran rufi.

Tsuya ta rasu a watan Maris. Ba ta ƙara samun safiya irin wannan ba.

A matsayina na mai rubuta tarihi, dole in faɗi iyakar abin da aka sani. Shaida ɗaya ce: maganar tsohuwa mai shekara tamanin da uku, a safiya ɗaya, kan kiɗan minti ɗaya. Na duba zanen da gilashin ƙara girma. Biyu a fili suke, na ukun ban iya rantsuwa a kansa ba. Kamfanin ya ƙone a lokacin yaƙi tare da takardunsa. Sautin da Tsuya ta rera, Noboru da Matsue kowa ya riƙe nasa, kuma ba su zo ɗaya ba, har yau suna musu a kai. Wani gwani a Kyoto ya ce zai iya haɗa manyan gutsuren biyu, amma gurbin da ya ɓace yana kan layukan farko, kuma allura ba ta tsallake rami.

An rushe gidan a bazarar shekarar. Kafin a kwashe ɓaraguzan, Noboru ya tankaɗe ƙasar ɗakin har sau uku. Yanzu suna zaune a hawa na biyu na wani bene, ya daina awara, faifan kuma yana cikin akwati a ƙasa, ƙarƙashin kantar magabata. Takardar zomon tana nan a kansa, bai ɗora mata ƙyalle mai danshi ba, ya ce ba zai sake taɓa abin da uwarsa ta liƙa ba. Duk ranar Lahadi yana bin kasuwanni yana neman wani kwafin.

Ba a ga gutsuren da ya ɓace ba, ba a ɗaga takardar ba, ba a sami kwafi na biyu ba, kuma Kashiwagi Noboru bai ji busar mahaifinsa ba tukuna.